Zabbin Baba na Katako

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, ranar Laraba, bayan an idar da sallar La'asar, a zauren gidanmu na Durun. Mu uku ne a wurin: ni, da Yaya Hamisu wanda kuke kira Baffa, da kakanku, Baba, yana zaune a kan buzunsa ya jingina da bango. Mahaifiyarku tana daga ciki tana jin mu ta ƙofa, amma ban lissafa ta ba domin ba ta zauna ba. Daga nan maganar ta fara, ba daga shagon Mista Bitrus ba kamar yadda ake gaya muku. Kun taso kuna jin cewa an cire ubanku daga kwamitin unguwa saboda ya sassaƙa gumaka. Babu wanda ya cire ni. Zan faɗi yadda aka yi, abu bayan abu.

Kakanku mai zanen ƙwarya ne. Yakan sayi duma a goge, ya sa wuƙa a garwashi, ya zana da zafinta, sannan ya shafa alli a inda ya bari fari. Matan Fulani daga rugagen bayan Masanawa ba sa kai kayan auren 'ya'yansu wurin kowa sai wurinsa. Zane ɗaya aka san shi da shi: zabbi a jere, baƙa da fara, kan kowace ya shige ƙarƙashin fiffiken ta gabanta, babu fili a tsakani ko da na ƙwayar gero. Ya sha gaya mana inda ya samo shi. Yana yaro yana kiwo ruwa ya tare shi, ya fake a gindin tsamiya, sai ya tarar garken zabbi sun riga shi. Sun cure wuri guda har ba a ganin ƙasa, kowace ta cusa kanta a jikin 'yar'uwarta, ruwa yana gangara a kansu kamar a kan rufi ɗaya. Ya ce bai motsa ba har aka ɗauke ruwan, kuma tun daga ranar ba ya rufe ido bai gan su ba.

A ranar Larabar nan idonsa ya riga ya tafi. Mahaifiyarku ta aiko masa da fura a ƙwaryar da shi da kansa ya zana mata lokacin aurenmu. Ya karɓa da hannu biyu, ya sha, sannan ya fara shafa bayanta kamar yadda ya saba yi wa duk ƙwaryar da ta shigo hannunsa. Ya juya ta, ya sake juyawa.

"Ɗanlami, a ina kuka sayo ƙwarya haka tsirara, ko layi ɗaya babu?"

Ni da Yaya muka kalli juna. Zabbin suna nan, ina ganinsu daga inda nake. Wanki ya cinye zurfin zanen, wuƙa mai zafi kuma ta daɗe da kashe kan yatsunsa.

"Baba, taka ce," in ji Yaya. "Zabbinka ne a jiki."

Baba ya sake shafa bayanta sau ɗaya. Ya ajiye ƙwaryar a gefe a hankali.

"To sun tashi ke nan."

A watan muka ɗauko shi ya dawo wurina a Gwarzo. Na ba shi ɗakin da ke kusa da darbejiya. Yana cin abin da aka kawo, yana salla a kan lokaci, amma ya daina magana. Mutumin da kullum sai ya tambayi ko hadari ya haɗu a gabas, ko nawa ake sayar da duma a kasuwar Kabo, ya koma yana yini da hannuwa a cinya, tafin a sama, kamar yana jiran a sa masa wani abu. Mahaifiyarku ta ce mini tsohon nan tafiya yake yi a zaune. Abin da na ji tsoro shi ne ya bar duniya yana ganin aikin rayuwarsa ya goge, alhali aikin yana nan, hannunsa ne kawai ba ya kaiwa gare shi.

Ni kafinta ne, don haka tunanina ya tafi ga katako. Na ce idan yatsa ba ya jin layi, tafin hannu zai ji tudu da rami. Zan fitar masa da zabbin ɗaya bayan ɗaya a falanki mai kauri, ya riƙe su, ya haɗa su da kansa. Na ɗora takarda mai shara-shara a bayan ƙwaryar na kwafi zabuwa, na yanka irinta da yawa. Ba su haɗu ba. Na kwafi wata, ita ma haka. A nan na gane abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon zamana da Baba: babu zabuwa biyu iri ɗaya a jikin ƙwaryar. Na bakin sun fi girma, na gindin sun tsuke, kowace ya gyara ta da ido don ta bi lanƙwasar duman. Ni kuwa ina buƙatar siffa guda wadda duk wadda ka ɗauka za ta shiga duk inda ka sa ta, domin makaho ba zai iya neman wacce ke bin wacce ba.

Kafin in ci gaba dole ku san matsayina a lokacin. Shekarar ce aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, unguwanni suka kafa kwamitocin nasiha da sasanci. An sa ni a na unguwarmu. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, na allo kuma na sauke na ɗan taɓa littattafai kaɗan, amma an san ni da zuwa kan lokaci da rashin son wasa. Ni aka ɗora wa zagaya shaguna. Ni na bi masu aski da masu ɗinki ina roƙonsu su shafe kawunan mutane da aka zana a allunansu, kuma sun shafe. Na ji daɗin wannan kujerar, ba zan ɓoye muku ba. A karon farko a rayuwata ina magana masu digiri suna yin shiru.

Mista Bitrus malamin lissafi ne a sakandare, mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a Gwarzo har Hausarsa ta koma irin tamu. Yana da ɗan shago a bakin titi inda yake buga katin biki da takardun makaranta da kwamfuta bayan an tashi daga aiki. Ni na yi masa tebur da kantoci. Wata rana na je gyara masa ƙofa, ya ga yankakkun katakon a aljihun rigata ya tambaya. Na ba shi labari a taƙaice. Ya juya ɗaya a hannunsa, ya ce in dawo ranar da yake da aikin kati, domin wuta ba ta zuwa sai ta ga dama, man janareta kuma sai a hannun 'yan bumburutu. Idan ya gama aikin mutane, sauran man da ya rage namu ne.

Ranar farko ya jawo mini benci kusa da shi. Ya motsa wani ɗan abu a kan tebur, kibiya ta yi yawo a gilashin kwamfutar, sai ga gida mai kusurwa huɗu.

"Oga kafinta, ga zabuwarka."

"Wannan akwati ne, Mista."

"Ka yi haƙuri, ba ta ƙyanƙyashe ba tukuna."

Ya nuna mini yadda abin yake. Kowane layi yana da ƙananan ɗigo a jikinsa kamar ƙulli a igiya. Ka kama ɗigo ka ja, layin ya biyo ka, ya lanƙwashe ko ya miƙe yadda kake so. Ya kama layin gaba ya tura shi waje, ya matse shi ya yi wuya, ya buɗe shi ya yi kai, ya fitar da ɗan baki. Sannan ya faɗa mini doka, kuma tun da na ji ta na san zan iya zama da wannan aikin, domin ina son abu mai doka.

"Duk abin da ka yi wa layin gaba, shi za ka kwafa ka kai layin baya. Na sama kuma ka kai shi ƙasa. Ba za ka sake zanawa ba, kwafa za ka yi. In ka zana sau biyu, hannu zai yi maka ƙarya."

Da ya kwafi layin gaba ya ajiye a baya, kan da ya fito waje a nan ya zama rami a can, daidai da shi, a ƙarƙashin inda fiffike zai zauna. Na ajiye ƙwaryar mahaifiyarku a kan tebur muna dubawa muna gyarawa. Shi ke jan ɗigo, ni ke cewa ƙara, rage, tsaya. Bayan zabuwar Baba yana da tudu kamar tulun da aka kifa, kuma duk tudun da muka ƙara a baya sai ya ci cikin ta samanta, don haka kowane gyara sai an biya shi a wani gefen. Mun yi makonni a haka. Wani lokaci muna tsakiyar jan wuya janareta ya yi tari ya mutu, zabuwar ta ɓace cikin baƙin gilashi, mu zauna mu biyu muna kallon fuskokinmu a ciki.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai. Na ce ya matso da zanen kusa in ga bakin layin, domin in san inda zarto zai bi. Ya matso da shi har kan zabuwar ya cika gilashin. Layin yana nan siriri. Ya ƙara matsowa har kan ya wuce, saura ɗan lanƙwasa ɗaya, amma layin bai ƙara kauri ba ko kaɗan. Na tambaye shi faɗinsa nawa.

"Ba shi da faɗi. Wuri ne kawai, inda wannan ta ƙare waccan ta fara."

Na yi shekaru ina jan layi da fensir a kan katako, kuma duk layin da na sani yana da jiki. Wannan ba shi da jiki amma yana raba abu biyu. Na tafi gida ina juya maganar.

Ranar da siffar ta kammala, ya shafa mata baƙi, ya kwafe ta ya shafa wa ta biyun fari, ya ja ta a hankali zuwa bayan ta farko. Kan ya shige ramin ya zauna. Ya kwafi biyun suka zama huɗu, ya kwafi huɗun, ya ci gaba, kafin in gyara zama gilashin ya cika da zabbi, duk sun fuskanci gabas, babu tsaga a tsakaninsu. Ya ja zanen baya suka ƙanƙance suka ƙaru, kamar ana kallonsu daga kan dutse. Na ji kamar ina jin ƙanshin ƙasa bayan ruwa.

"Mista, a ina suka tsaya?"

"Gilashin ne ya tsaya. Su ba su tsaya ba."

Washegari na hau babur zuwa Kabo sayen falanki. Gonaki sun yi kore a gefen hanya, ni kuwa duk inda na duba zabbi nake gani, sun rufe kunyoyin gero, sun haye tudu, sun bi ta bayan Mainika sun wuce, baƙa da fara, kowace da kanta a jikin 'yar'uwarta. Sai da mai babur ya taɓa ni na san mun iso.

A Kabo Yaya yake koyarwa a makarantar Islamiyya, kuma labari ya riga ni isa wurinsa. Bayan mun gaisa, ya tambayi jikin Baba, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, sannan ya sallami ɗalibansa ya ce in zauna. Ku sani Baffanku bai taɓa ɗaga mini murya ba.

"Ɗanlami, na ji kana fitar da siffar tsuntsu a katako."

"Zabbin Baba ne, Yaya."

"Na sani. Na ƙwarya zane ne a shafe, kuma abin da ya wuce Allah Ya yafe masa. Naka kuwa za a ɗauke shi a hannu, yana da jiki, yana da inuwa. Tsoho ne da ƙafa ɗaya a kabari. Wannan za mu sa masa a hannu a ƙarshe, ko carbi?"

"Carbin yana hannunsa. Ya daina ja."

Shi ma yana son Baba, kada wani ya gaya muku akasin haka. Can ya ce akwai mafita: in cire kan. Siffar da ba ta da kai ba mai rai ba ce, in yi hakan ba shi da magana. Na ga shawara ce mai kyau, na yi masa godiya, na koma wurin Mista Bitrus.

Mista Bitrus bai yi gardama ba, bai kuma tambaye ni dalili ba. Ya kama ɗigon wuya ya share kan. Nan take farin rami ya buɗe a ƙarƙashin fiffiken kowace zabuwa, daga wannan gefen gilashin zuwa wancan.

"Ka ga matsalar. Kan wannan shi ne ramin waccan. In kai ya tafi, dole mu cike ramin."

Muka cike. Siffar da ta rage tana haɗuwa lafiya, babu tsaga, amma ta zama sumul kamar ganye. Ya buga mini a takarda, na manna a falanki na yanka kaɗan, na kai wa Baba a kan tabarma. Na sa masa ɗaya a hannu. Ya shafa gefenta ya zagayo.

"Mene ne wannan?"

"Zanenka ne, Baba, na fitar maka a katako."

"Ganyen marke ne. Akuya ka ɗauke ni?"

Mahaifiyarku ta yi dariya daga bakin murhu, domin rabon da ya yi irin wannan maganar an daɗe. Na lallashe shi ya gwada haɗawa. Ya jera biyu, ya kawo ta uku, hannunsa na rawa ya ture na farkon suka watse. Ya sake, suka sake watsewa. Sai a lokacin na ga abin da kan yake yi. Wuya siriri ne, kai ya fi shi faɗi, don haka in ya shiga ramin ba ya fita sai an ɗaga. Kan shi ne makullin. Ba tare da shi ba babu abin da ke riƙe wani, kuma mai rawar hannu ba zai taɓa haɗa uku ba. Baba ya ture katakon gefe ya mayar da hannuwansa cinya.

Na je wurin limamin unguwarmu bayan Azahar na faɗa masa komai, har da maganar Yaya. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan irin wannan, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassautawa ga abin da ake zubewa a ƙasa ba a girmama shi, kuma Yayana bai faɗi ƙarya ba.

"Ba zan ce maka yi ba, ba zan ce maka bari ba. Mahaifinka ne, kai za a tambaya."

Na kwana biyu ina tunani, na yi istihara, na yanke cewa zan mayar da kan. Amma na ga ba zai yiwu in yanka kan zabuwa a gidana da safe, da yamma in je in ce wa wani ya shafe na allonsa ba. Don haka na tsara abin da zan yi. Da farko na koma Kabo na gaya wa Yaya da bakina. Ya ce ya ji, kuma ba zai ƙara cin abinci a gidana ba muddin abin yana ciki, amma zai riƙa zuwa gaida Baba. Bayan haka na je zaman kwamiti na ce na ajiye, na faɗi dalili, ban jira a tattauna ba. Wasu sun roƙe ni in zauna in yi abina a ɓoye. Na ƙi. Daga nan na wuce shagon Sule mai aski, wanda ya fi kowa jin zafin shafe allonsa, domin ya ji daga gare ni kafin ya ji a bakin titi.

"Malam Ɗanlami, wato ni ka sa na shafe samarina guda-guda, kai kuma ka koma kiwon zabbi?"

"Haka ne."

"To in mayar da su?"

"Ka tambayi kwamiti. Ni yanzu kafinta ne."

"Zauna in rage maka gemun, tunda ka sauka daga mulki."

Ban zauna ba, amma na bar shi ya yi dariyarsa, haƙƙinsa ne. Daga bakinsa maganar gumaka ta fita, da wasa, ta zagaya gari ta dawo ba wasa. Akwai waɗanda suka daina kawo mini aikin ƙofar masallaci. Ba a ƙara yin shiru in ina magana a taro ba, har yau. Wannan shi ne abin da na biya, kuma na san farashin kafin in saya.

Sai yanka. Layin kwamfuta ba shi da faɗi, amma zarto yana da shi, yana cin katako duk inda ya bi. Don haka kowace zabuwa na yanka ta ita kaɗai, a wajen layi, da ƙaramin zarto mai siririn haƙori, sannan na bi da sanfefa har na taɓa layin. In na ci ya wuce ta yi sako-sako, in na bari ta ƙi shiga. Na lalata da yawa. Saura bambanta baƙa da fara ga wanda ba ya gani. Na sa ƙusa a garwashi ina ɗiɗɗiga wa rabinsu ɗigo mai zurfi a baya, irin na zabuwa, su ne baƙaƙe, sauran na bar su sumul. Ina cikin yi a tsakar gida na ji murya daga ɗakin darbejiya.

"Wa ke ƙona itace haka? Ƙarfen ya yi zafi da yawa, ka bar shi ya huce. Ba ka jin ƙaurin?"

Na bar shi ya huce.

Da hantsi na shimfiɗa masa tabarma a inuwa, na zube su duka a gabansa, na sa masa ɗaya a hannu. Ya bi tudun bayan da tafinsa. Ya gangaro ya sami wuya, ya tsaya. Ya kama kan da yatsu biyu ya daɗe yana murza shi, har bakin. Sannan ya zagaya baya, babban yatsansa ya faɗa cikin ramin. Ya laluba tabarma ya ɗauko wata, ya nemi kanta, ya kawo shi bakin ramin. Hannun yana rawa, ya kuskure, ya sake kuskurewa. Mahaifiyarku ta miƙa hannu za ta gyara masa.

"Bari, 'yata. Ta san hanya."

Kan ya faɗa ciki da 'yar ƙara. Ya ja su biyun, suka taho tare. Ya girgiza su, ba su rabu ba. Ya ɗauki ta uku, mai ɗigo, ya sa. Muna tsaye, inuwar darbejiya tana yawo a bayan hannunsa, garken yana faɗaɗa a kan tabarma. Da ya kai bakin tabarmar ya shimfiɗa tafukansa biyu a kansu ya shafa daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali, kamar mai shafa bayan dabba.

"Wuyan ya yi tsawo," in ji shi.

"Za a gyara, Baba."

"Kada ka taɓa. Nawa ba su taɓa zama iri ɗaya ba, naka kuwa duk uwa ɗaya ta ƙyanƙyashe su." Ya ɗaga fuska sama. "Wannan iskar ta ruwa ce. Hadari ya haɗu ne?"

Ya haɗu. Muka kwashe su a gurguje muka shiga da shi ɗaki.

Ya rayu damina biyu bayan haka. Kullum da hantsi sai ya watsa su ya sake haɗawa, yana yi yana ba ku labarin Fulani da duma, ku da kuke ƙanana a lokacin, da carbinsa rataye a wuyan hannu yana ja tsakanin zabuwa da zabuwa. Na kai Mista Bitrus ya gaishe shi sau ɗaya kafin ya koma garinsu da iyalinsa, Baba ya riƙe hannunsa ya ce a gaya masa wuyan ya yi tsawo. Yaya ya cika maganarsa, duk Juma'a yana zuwa, ba ya cin komai, ba ya taɓa katakon. Wata rana ina wurin, Baba yana laluben mai ɗigo, ta yi nisa da hannunsa, tana kusa da gwiwar Yaya.

"Babba, miƙo mini baƙar nan," in ji Baba, da sunan da yake kiran Yaya.

Yaya ya dubi zabuwar, ya dube ni. Sai ya kama gefen tabarmar ya ɗaga kaɗan, ta zame ta gangara har ta taɓa yatsun Baba. Bai taɓa ta ba, bai kuma hana ta ba. Wannan shi ne Baffanku, ku riƙe shi a haka.

Zabbin suna cikin akwatin katako a ƙarƙashin gadona, cikakku, ba wadda ta ɓata. Watan jiya likita ya duba idona ya ce ciwon da ya ɗauke na kakanku ya kama hanya, magani zai jinkirta shi amma ba zai mayar da shi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan yanzu, tun ina ganin layin takarda.

Ga abin da nake nema daga gare ku. Kada ku raba su a tsakaninku don tunawa, guda ɗaya ba ta da amfani ita kaɗai. Ranar da kuka ga na fara zama da hannuwa a cinya, ku fito da akwatin da hantsi, ku shimfiɗa tabarma a inuwa, ku zube mini su duka. Sannan ku ja da baya. Ko na kuskure sau nawa, kada wanda ya kama hannuna.